Funfunar Da Ke Rayuwa Cikin Zafin Juji Ta Zama Hajar Masana'antu

Duk manomin da ya taɓa tona tulin takin gargajiya ya san cikinsa kan yi zafi har ya fitar da tururi. Ƙananan halittun da ke cin ciyawa da kashin dabbobi ne ke haddasa wannan zafi, wanda kan kai digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, ko ya zarce. Mafi yawan funfuna ba ta jure hakan, amma akwai 'yan nau'o'i ƙalilan da ke bunƙasa a digiri 45 zuwa 55, ba sa kuma girma idan zafi ya gaza digiri 20.

A Nijeriya, ta hanyar asara aka fara sanin su. A shekarar 1964 masu bincike biyu, Eggins da Coursey, sun ba da rahoton samun irin wannan funfuna a amfanin kwakwar manja na ƙasar nan. Idan aka jibge buhunan ƙwarar manja da sauran danshi a jikinta, tsakiyar tulin kan ɗumama, funfunar ta yaɗu, ta fitar da wani sinadari mai narkar da maiƙo. Sakamakon shi ne man alayyadin da za a tatsa ya yi tsami, darajarsa ta faɗi a kasuwa.

Irin wannan sinadari ne kuma wasu suka mayar abin sayarwa. A 1988 kamfanin Novo na ƙasar Danmak ya fito da Lipolase, wanda ake zubawa cikin garin sabulu domin ya cire tabon mai daga tufafi. An ɗauko ƙwayar gadonsa ne daga funfunar Thermomyces lanuginosus, aka dasa cikin wata funfunar mai sauƙin renowa a manyan tankuna. Abin da ya ja hankalin masana'antu shi ne cewa sinadarin halittar da ta saba da zafi ba ya saurin lalacewa a ruwan ɗumi. Wata mai suna Rhizomucor miehei kuwa, da sinadarinta ake daskarar da madara a yi cuku, maimakon wanda ake cirowa daga cikin ɗan maraƙi.

Ga ɗan kasuwa mai adana ƙwara ko gyaɗa, maganin bai canza ba: a busar da kaya sosai kafin a ɗure su, a jera buhuna a kan katako, a bar hanyar iska tsakaninsu. Buhun da hannu ya ji ɗumi a cikinsa, ya kamata a fitar da shi a shanya nan take.