Yadda Ake Gano Larurar Ma'aunin Zafin Ruwa a Injin Wanke Kwanuka

Gabatarwa

Injin wanke kwanuka ba sabon abu ba ne a duniya. Wata mata 'yar Amurka mai suna Josephine Cochrane ita ce ta ƙera irinsa na farko da ya karɓu a kasuwa, aka ba ta takardar mallakar fasaharsa a shekarar 1886, sa'an nan aka nuna shi a babban bikin baje koli na birnin Shikago a 1893. Tun daga wancan zamani aikin injin ya dogara a kan abubuwa uku, watau ƙarfin feshin ruwa, da sabulu, da kuma zafi. Wannan maƙala za ta yi bayani ne a kan na ukun, musamman ɗan ƙaramin abin nan da yake shaida wa injin matsayin zafin ruwa, da kuma hanyar da ake bi a tabbatar ko shi ne ya lalace kafin a kashe kuɗi a kan abin da ba shi da laifi.

Muhimmancin zafi

Yawancin injinan gida suna wanki da ruwan da zafinsa yake tsakanin digiri 45 zuwa 70 a ma'aunin Salshiyas. Dalili kuwa shi ne maiƙo ba ya sakin kwano sai ya narke. Manja yakan narke a wajen digiri 35, amma kitsen sa yana bukatar fiye da digiri 40. Haka nan garin sabulun injin ba ya narkewa sosai a ruwan sanyi. A manyan injinan otal-otal da asibitoci, ruwan ɗauraya na ƙarshe yakan kai kimanin digiri 82 domin a kashe ƙwayoyin cuta. Saboda haka injin da yake wanki da ruwa mai ɗumi-ɗumi alhali ana zaton mai zafi ne, yana iya fitar da kwanon da ido zai ga fes, amma bai tsarkaka ba.

Yadda ma'aunin yake aiki

Ma'aunin zafin da ake sa wa injinan zamani ana kiransa tamista. Ɗan ƙwaya ne da bai kai ƙwayar gero biyu ba, an lulluɓe shi cikin roba ko ƙarfe, wayoyi biyu suna fita daga jikinsa. Galibi ana dasa shi a ƙasan injin, a ramin da ruwa yake taruwa ƙarƙashin matata, ko kuma a jikin hita.

Halinsa shi ne yana turje wa wutar lantarki, kuma wannan turjiya, wadda ake aunawa da om, tana raguwa duk lokacin da zafi ya ƙaru. Masanin kimiyyar nan na Ingila, Michael Faraday, shi ya fara lura da wannan hali a jikin wani sinadari na azurfa a 1833. Alal misali, tamistar da take nuna om 10,000 a digiri 25, idan ruwa ya kai digiri 60 sai ta sauko zuwa tsakanin om 2,500 da 3,000. Wasu kamfanoni kuma suna amfani da mai kimanin om 50,000, don haka wajibi ne a duba jadawalin da kamfanin ya bayar.

Allon sarrafawa, wanda shi ne ƙwaƙwalwar injin, yana aika wa tamista 'yar wuta kaɗan, ya duba yawan turjiyarta, daga nan ya yanke shawarar kunna hita ko kashe ta. Abin lura a nan shi ne allon ba ya taɓa ruwa. Abin da tamista ta faɗa masa shi ne kaɗai abin da ya sani. Ke nan matsayinta matsayin shaida ne a gaban alƙali: idan ta yi ƙarya, hukunci zai karkace ko da alƙalin adali ne.

Ire-iren lalacewa

Lalacewar tamista iri uku ce. Ta farko ita ce tsinkewa, inda wuta ba ta wucewa ko kaɗan. Allon zai fahimci wannan a matsayin sanyi mai tsanani. Wani injin ya tsaya ya nuna lambar kuskure, wani kuma ya yi ta dafa ruwa har sai makarin zafi ya yanke wuta. Ta biyu ita ce haɗewar wayoyi, inda turjiya take faɗuwa kusan sifiri. Allon zai ɗauka ruwa ya riga ya yi zafi ƙwarai, sai ya ƙi kunna hita, kwanuka su fito da sanyi da maiƙo.

Ta uku, wadda ta fi wuyar ganewa, ita ce gocewa. A nan tamista tana aiki, amma lissafinta ya kauce, ta ce digiri 60 alhali ruwa bai wuce 45 ba. Sau da yawa injin ba ya nuna kuskure, domin adadin da ya samu bai fita daga hankali ba. Akwai kuma abin da yake kama da wannan: a inda ruwa yake da gauri, kamar na wasu rijiyoyin burtsatse, farin ɓawo yakan taru a kan ma'aunin ya hana shi jin zafi da wuri.

Matakan bincike

Kafin a taɓa kome, sai a zare filogi daga bango, a rufe famfon da yake ba injin ruwa, domin wuta da ruwa ba sa wasa da mai gyara.

Mataki na farko, wanda ake yi tun kafin a kwance injin, shi ne tabbatar da ƙorafin. A bar shi ya yi nisa cikin wanki, a tsayar, a buɗe ƙofa a hankali saboda tururi, a tsoma ma'aunin zafi na hannu a ruwan da ya taru a ƙasa. Gani ya kori ji.

Na biyu shi ne duba wayoyi da mahaɗarsu. Danshi yakan sa tsatsa, girgiza takan sassauta mahaɗa, wayoyin da suke bi ta gindin ƙofa kuma sukan karye saboda yawan buɗewa da rufewa. Mahaɗa mai tsatsa tana ƙara turjiya, sai allon ya zaci ruwa ya fi yadda yake sanyi.

Na uku shi ne auna tamistar kanta da mita, bayan an cire mahaɗarta. A gwada adadin da aka samu da na jadawali, amma a yi la'akari da zafin ɗaki, domin a watan Afrilu ɗaki yana iya kai digiri 38, kuma lafiyayyar tamista za ta nuna adadi ƙasa da na digiri 25. Bugu da ƙari, awo ɗaya bai isa ba. Sai a tsoma kanta a kofin ruwan zafi wanda aka san digirinsa, a zuba wa mita ido. Idan lafiya take, adadin zai riƙa sauka sannu a hankali ba tare da tsalle ba, ya tsaya kusa da abin da jadawali ya nuna. Idan ya ƙi motsi, ko ya yi ta tsalle, ko ya tsaya nesa da inda ya kamata, to an kama mai laifi.

Na huɗu, idan tamista ta kuɓuta, sai a koma kan hita. Hita mai ƙarfin wat 2,000 a wutar bolt 230 ya kamata ta nuna kimanin om 26. Idan mita ba ta nuna kome ba, ta ƙone. Sai bayan waya da tamista da hita duk sun fita daga zargi ne za a tuhumi allon sarrafawa, wanda hawa da saukar wuta yakan lalata.

Kammalawa

Hikimar wannan jeri ita ce farawa daga mai arha zuwa mai tsada. Tamista tana cikin kayayyakin injin mafiya arha, allon sarrafawa kuwa yana cikin mafiya tsada. Mai gyaran da ya ga ruwa da sanyi ya yi gaggawar sauya hita ko allo, ya bar jaki yana dukan taiki, kuma cutar za ta dawo bayan kuɗi sun tafi. Wanda kuwa ya auna ruwa, ya duba waya, ya gwada tamista a sanyi da zafi, zai san ainihin abin da zai saya. Dama Hausawa sun ce sanin wurin bugu shi ne ƙira.