Gwajin Kimiyya A Sakandare: Takarda Ita Ce Shaida

Kowace shekara, daga ƙarshen bazara zuwa tsakiyar damina, ɗaliban ajin ƙarshe na makarantun sakandare a Azare da sauran garuruwan ƙasar Katagum sukan shiga ɗakunan gwaje-gwajen kimiyya domin jarrabawar aiki da hannu, wadda su kansu suke kira firatikal. Akan ajiye musu kwalabe da ma'aunai da sinadarai, a ce su yi gwaji, sa'an nan su rubuta abin da suka samu. Abin da iyaye da yawa ba su lura da shi ba shi ne, wanda zai ba da maki ba ya cikin wannan ɗaki. Yana can wani gari, kuma sai bayan makonni da wanke kwalabe takardar yaro za ta isa gabansa. Bai ga hannun yaron ba, bai ga gwajin ba. Abin da aka rubuta shi kaɗai zai yi hukunci da shi, kamar yadda alƙali yake hukunci da abin da shaida ya faɗa.

Wannan magana ba ƙarama ba ce ga mutanen wannan yanki. A Azare akwai Kwalejin Ilmi ta Aminu Saleh, wadda ta fara tun 1977 tana horar da malamai, ga kuma Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da aka kafa a 1921 da ɗari, watau shekarar 2021. A Gadau, nan kusa, akwai Jami'ar Sa'adu Zungur ta Jihar Bauchi. Yaron da yake son karatun likita ko na jinya tilas ne ya sami kiredit a fiziks da kemistiri da bayoloji, ban da Turanci da lissafi, kuma kowane ɗaya daga cikin ukun nan yana da takardar aiki da hannu, ko a jarrabawar Hukumar WAEC da aka kafa a 1952, ko ta NECO wadda ta fara shirya tata a 2000. Ashe ke nan jami'a tana iya zuwa har ƙofar gida, amma ɗan gari ya kasa shiga saboda bai iya rubuta rahoton gwaji ba.

Yadda Rahoto Yake

Rahoton gwaji yana da tsari, kuma ba mai wuya ba ne. Da farko a faɗi manufa, watau abin da ake son ganowa. Sai a lissafa kayan aiki, a bayyana yadda aka yi daki-daki, a jera sakamako cikin jadawali, a yi lissafi ko zanen giraf, a ƙarshe a faɗi abin da sakamakon ya nuna da matakan da aka ɗauka don kauce wa kuskure.

Mu ɗauki misali da abin da kowane ɗan manomi ya sani. Ƙasar jigawa da ake noma gero da gyaɗa a kewayen Azare dabam take da laka ta fadamun Kogin Jama'are, wajen Katagum, inda shinkafa take yi. Malami ya ce a gano wadda ta fi riƙe ruwa. Ɗalibi zai shanya kowacce ta bushe, ya auni nauyi ɗaya daga kowacce, ya zuba a mazurari biyu da aka toshe da auduga, ya kwarara musu ruwa daidai wa daida, ya auna abin da ya tsiyaye cikin lokaci ɗaya. Idan ya rubuta cewa laka ta fi riƙe ruwa ya yi shiru, bai faɗi abin da kakansa bai sani ba, kuma makinsa kaɗan ne. Makin yana wurin nawa ne nauyin ƙasar, nawa ne ruwan da aka zuba, minti nawa aka jira, nawa ya tsiyaye, kuma sau nawa aka maimaita. Har ila yau, dole ya nuna cewa irin ƙasar kaɗai ya sauya, sauran abubuwa duka ya bar su daidai, in ba haka ba ba wanda zai san abin da ya kawo bambancin. Ma'aunin kyakkyawan rahoto shi ne, wani ɗalibi a Sakkwato ko Maraɗi ya karanta shi, ya sake gwajin ba tare da ya tambayi kowa kome ba.

Inda Maki Yake Zubewa

Manyan masu duba takardu na WAEC sukan fitar da rahoto bayan jarrabawa, kuma kurakuran da suke ambata kusan iri ɗaya ne shekara da shekaru: rubuta lamba ba tare da ma'auninta ba, rashin daidaita adadin lambobin bayan ɗigo, da zaɓen mugun sikeli wajen zanen giraf.

Dubi gwajin lilo a fiziks, inda ake rataya ɗan ƙwallon ƙarfe da zare a ƙidaya kai-da-komonsa. Zare mai tsawon santimita 100 yakan ɗauki kimanin daƙiƙa 2 kafin ƙwallon ya je ya dawo, don haka akan ƙidaya sau 20, kimanin daƙiƙa 40 ke nan, a raba, domin kuskuren danna agogo ya ragu. Yaron da ya rubuta 40 kawai bai ce daƙiƙa ba ya yi asara, ko da ya auna daidai. Wanda kuma ya cusa girafinsa a lungun takarda, alhali ana son ya cika aƙalla rabinta, shi ma haka. Wajen matakan kiyayewa kuwa, ana son abin da yaro ya yi da gaske: ya kashe fanka don kada iska ta kaɗa zaren, ya daidaita idonsa da ma'auni sa'ad da yake karantawa.

Lambobin Aro

Babbar cutar da ta fi waɗannan duka ita ce ƙirƙirar sakamako. Yaro ya ji cewa amsar gwajin lilo tana kusa da 9.8, sai ya gyara lambobinsa su kai shi can. Wani kuma tun daren jarrabawa an turo masa lambobi ta waya, ya haddace su. To, a kemistiri wannan dabara takan kashe mai ita. A gwajin da ake ɗiga asid daga bututun awo cikin ruwan sinadari mai kama da kanwa har launi ya juya, kowace makaranta ita take haɗa ruwanta, kuma malamin darasin yakan yi nasa gwajin a aika da sakamakonsa tare da takardun ɗalibai. Da wannan sakamako na malami ake gwada na yaro, ba da na wata makaranta ba. Lambar da ta yi daidai a Legas tana iya zama kuskure a Azare. Daɗin daɗawa, ana son awo biyu ko uku waɗanda tazararsu ba ta wuce 0.20 ba, a ɗauki matsakaicinsu, kuma mai duba takarda da ya daɗe a aikin ba ya rasa gane jadawalin da aka kankare aka sake. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ya kamata a fahimtar da yara cewa sakamakon da ya ɗan kauce ba abin kunya ba ne. Wanda ya sami 9.5 ya nuna yadda ya same shi, ya faɗi inda yake zaton kuskure ya shigo, ya fi wanda ya rubuta 9.8 na aro kusa da kimiyya. Kuma lamarin ya wuce jarrabawa, gama yaron da ya saba gyara lamba a takarda shi ne gobe zai riƙe awon jinin majiyyaci a asibiti.

Aikin Malamai Da Iyaye

Tun Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 aka tanadi a riƙa auna ɗalibi a kai a kai cikin shekarun karatunsa, ba ranar jarrabawa kaɗai ba. Don haka littafin firatikal abu ne da ya kamata a fara cika shi tun ajin farko na babbar sakandare, malami yana dubawa yana gyarawa. Ƙarancin kayan aiki matsala ce ta gaske, kuma hakkin hukuma ne ta magance ta, amma gwajin ƙasa da na lilo ba su bukatar fiye da mazurari, zare, ma'auni da agogo. Tun da yake da Turanci ake rubuta rahoton, yana da kyau malami ya sa yaro ya fara bayyana gwajin da Hausa, domin wanda bai iya faɗin abin da ya yi da harshensa ba, haddar jimlolin Turanci ba za ta cece shi ba.

Iyaye kuma, ko waɗanda ba su yi boko ba, suna da abin yi. A ce wa yaro ya kawo littafinsa na firatikal, a tambaye shi me ya auna, da me ya auna, sau nawa ya auna. In ya amsa ukun nan ba gargada, to, yana kan hanya. In kuwa littafin fari ne fat, ko kuwa lambobinsa iri ɗaya ne da na abokinsa har ɗigo, lokaci ya yi da za a je a ga shugaban makaranta tun jarrabawa ba ta ƙarato ba.