Kiran waya ta intanet: Inda hannun gwamnati ke kaiwa da inda ba ya kaiwa

Daga kasuwar Sara da ke Ƙaramar Hukumar Gwaram zuwa Dawanau a Kano, a yau akan ƙulla cinikin hatsi da riɗi ta kiran WhatsApp. Sai dai kamfanin Meta, mai wannan manhaja, ba shi da lasisin sadarwa irin wanda MTN ko Airtel ko Glo suka saya da tsada a Najeriya. To, ta ina gwamnati ke riƙe linzamin irin wannan kira?

Kiran layi na yau da kullum yana bi ta na'urorin kamfanonin waya, kuma idan ya tsallaka daga wani kamfani zuwa wani, akwai kuɗin haɗa layi da suke biyan juna a kan kowane minti. Kiran intanet kuwa yana daddatsa muryar mai magana zuwa ƙananan gutsattsari, ya aika da su a matsayin data kamar yadda ake aika hoto, sannan a sake haɗa su a wayar mai sauraro. Kamfanin waya ba ya ganin minti, data kawai yake gani.

Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, wadda aka kafa a 1992 kuma dokar sadarwa ta 2003 ta ƙarfafa ikonta, ta zaɓi barin manhajojin su yi aikinsu, duk da koken da kamfanonin waya suka sha yi cewa ana cin kasuwa a kan hanyar da suka gina da kuɗinsu. Ba kowace ƙasa ce ta yi haka ba. Maroko ta toshe irin wannan kira a farkon 2016, ta buɗe kafin shekarar ta ƙare. Hadaddiyar Daular Larabawa ta daɗe da hana kiran WhatsApp, tana barin manhajojin da ta amince da su kamar BOTIM, abin da 'yan kasuwar Kano masu zuwa Dubai sun sani sarai.

Inda NCC ta zare ido shi ne wurin da kiran intanet ke shigowa layin waya ta ɓarauniyar hanya. A 2016 hukumar ta ɗaga kuɗin shigo da kira daga ƙasashen waje daga Naira 3.90 zuwa Naira 24.40 a kan minti ɗaya. Tazarar ta zama ganima ga masu dabara: sai su ɗauko kiran Landan ko Jidda ta intanet, su shigar da shi wani akwati mai cike da layukan waya na gida, ya fito kamar kiran cikin ƙasa. Shi ya sa a wancan lokaci mutum zai ga lambar Najeriya a fuskar wayarsa, ya ɗauka ya ji muryar ɗan'uwansa da ke Ingila. Asarar ba ta kuɗi kaɗai ba ce, domin kiran da aka ɓoye asalinsa yana wahalar da jami'an tsaro wajen bin sawu. A 2018 hukumar ta hukunta wasu kamfanonin da ke haɗa layuka bisa wannan laifi.

Amma ga mazaunin Surko a Birnin Kudu, ko Basirka a Gwaram, babbar doka ita ce wadda ta shafi hanyar da kiran ke bi. Ba a buɗe WhatsApp sai da lambar waya, kuma tun daga Disamban 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Wanda aka rufe wa layi, datarsa ta tafi tare da shi. Farashi ma a hannun hukuma yake: a Janairun 2025 NCC ta amince wa kamfanoni su yi ƙarin da ya kai kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Mafi tsanani kuwa shi ne abin da ya faru a Satumban 2021, lokacin da aka kashe sabis baki ɗaya a Zamfara, daga baya a wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, saboda yaƙi da 'yan bindiga. Babu wanda ya taɓa manhajar, amma ta yi shiru tare da turakun.

Ta ɓangaren tallafi, alƙawari ya fi aiki yawa. Dokar 2003 ta tanadi asusun USPF domin kai sadarwa yankunan da kamfanoni ba sa ganin riba. Tsarin faɗaɗa intanet na 2020 zuwa 2025 ya ɗora burin kai intanet mai sauri ga kashi 70 cikin 100 na jama'a, burin da wa'adin ya cika ba a cim ma ba. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka riƙe ƙafar aikin shi ne kuɗin da jihohi ke karɓa kafin a haƙa ƙasa a binne wayar intanet. Tun 2013 aka amince da Naira 145 a kan kowace mita, amma jihohi da yawa suka ci gaba da karɓar ninkin-ba-ninkin, yayin da Kaduna ta yafe kuɗin gaba ɗaya a 2020. Jigawa ba baƙuwa ba ce a wannan fage, domin kamfanin Galaxy Backbone na Gwamnatin Tarayya, wanda aka kafa a 2006, tushensa na komawa ga shirin intanet da gwamnatin Saminu Turaki ta fara a Dutse.

Muhimmancin wannan waya ta ƙarƙashin ƙasa a fili yake. Turken da ke ba da ƙaramin sabis na 2G ya isa a yi kiran layi, amma kiran intanet a kansa sai yankewa da maimaita "kana ji na?" Wannan ne bambancin cikin garin Birnin Kudu da ƙauyukan da ke nesa da babban titi, inda har yanzu ake neman tudu kafin a yi magana.

Akwai kuma giɓin da ba a cika lura da shi ba. Lambar neman agajin gaggawa ta ƙasa, 112, ta layin waya ake kiranta, ba ta WhatsApp ba. Direban da ya yi haɗari a kan hanyar Gwaram da dare, layin SIM ɗinsa ne zai kai shi ga masu ceto, matuƙar akwai turke a kusa da ke da wuta.