Ruwan Dam ɗin Tiga: Noman Rani da Wutar Lantarki

Muna jan hankalin manoman Kura da Bunkure cewa Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi ikon tsara harkar wuta a cikin iyakokinsu, amma ba ta miƙa musu ruwan Tiga ba. Dokar Albarkatun Ruwa ta 1993 ta ɗora ruwan da ya ratsa jihohi a hannun Gwamnatin Tarayya, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke sakinsa. Tafki ɗaya ne injin wutar jiha da gonakin shinkafa da tumatir suka dogara da shi. Saboda haka, duk koken da ya shafi lokacin sakin ruwa, a kai shi ga hukumar ta hannun ƙungiyoyin masu amfani da ruwa.