Karatun hoto: aikin Seydou Keïta na Bamako

Hausawa na cewa gani ya kori ji. To, amma hoto ma karanta shi ake yi kamar wasiƙa, wanda bai iya ba kuwa sai ya ɗauki buri a kan gaskiya. Aikin Seydou Keïta, mai ɗaukar hoto na ƙasar Mali, ya isa misali.

Keïta ɗan kafinta ne. A 1935 kawunsa ya ba shi akwatin hoto ƙirar Kodak. A 1948 ya buɗe wurin ɗaukar hoto a unguwar Bamako-Kura, lokacin ƙasar tana hannun Faransa. Yawancin aikinsa a tsakar gida ya yi shi, da hasken rana. Saboda tsadar kayan aiki, sau ɗaya yakan ɗauki mutum, don haka sai ya tsara kome tukuna.

Yakan rataya ƙyalle mai zane a bayan mutum. Na farko ma shimfiɗar gadonsa ce. A hoton fari da baƙi launi ɓacewa yake, zane kaɗai ke saura. Idan zanen atamfa ya haɗu da zanen bango, ido ba ya samun wurin hutawa sai a fuska da hannuwa. Yakan karkata kafaɗar mutum kaɗan, ya baza rigar mace domin a ga yalwar yadi, ya aza hannunta inda zobe zai fito.

Sai kuma kayan aro. Keïta ya tanadi kwat, agogo, tabarau, alƙalami, rediyo da babur Vespa, har da motarsa. Shi ya sa ake ganin rediyo ɗaya a hannun mutane daban-daban. Saurayin da ya jingina da Vespa ba lalle ne tasa ce ba. Hoton bai faɗi abin da ya mallaka ba, ya dai faɗi yadda yake son danginsa na ƙauye su gan shi: ɗan birni, wayayye.

A 1962 Keïta ya koma aikin gwamnati, ya rasu a birnin Paris a 2001. Mai binciken tarihi da ya ƙidaya agoguna a hotunansa domin auna arzikin Bamako zai yi kuskure. Wanda ya tambayi wa ya tsara zaman, kuma wa za a aika wa hoton, shi zai gane abin da mutanen zamanin suke fata.