Ko Kun Sani? Robar da Ƙasa Ke Cinyewa

Ko kun sani cewa a shekarar 1926 wani masani Bafaranshe, Maurice Lemoigne, ya tarar da wata irin roba, wadda yau ake kira PHB, a cikin cikin ƙwayoyin bakteriya, halittun nan da ido ba ya riskarsu sai da madubin likita? Bisa hikimar Mahalicci, suna tara ta ne kamar yadda manomi ke tara hatsi a rumbu saboda ranar fari. Kuma da yake asalinta abinci ce, idan aka binne ledar da aka yi da ita a ƙasa mai laima, sai waɗansu ƙwayoyin da fumfuna su lulluɓe ta, su zubo mata sinadarin enzayim, wanda da taimakon ruwa yake datse dogayen sarƙoƙinta gaɓa-gaɓa har su haɗiyu, sa'an nan abin da ya saura galibi ruwa ne da iskar kabon.

Amma fa robar PLA, wadda ake yi daga masara, ta fi taurin kai, domin ba ta ruɓewa da hanzari sai a jujin takin masana'anta mai zafin kimanin digiri 58, alhali a cikin teku takan yi shekaru tana nan daram.