Digiri a Fannin Ilimin Halittu: Awon Riba da Bashi ga Ɗan Manomi

Gabatarwa

Masu iya magana na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Sai dai bashin karatu ya sha bamban da sauran basussuka, domin kuwa ana cin sa ne a yau, a biya bayan shekaru masu yawa da albashin da ba a riga an gani ba. A garin Dayi na ƙaramar hukumar Malumfashi, da sauran garuruwan noma na kudancin Jihar Katsina kamar Funtuwa da Bakori da Ƙafur, yara da dama ne ke samun gurbin karanta ilimin halittu, wato bayoloji, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina, ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. Wasunsu likitanci suka nema, makinsu bai kai ba, aka ba su wannan fanni. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna wa mai karatu yadda ake auna kuɗin da digirin ke ci da kuma abin da yake iya mayarwa.

Abin da Digiri Ke Ci

Kuɗin digiri kashi uku ne. Na farko shi ne na rajista da ake biyan jami'a kowace shekara, wanda jami'o'in tarayya da dama suka ƙara a shekarar 2023. Na biyu shi ne na rayuwa: abinci da ɗaki da kuɗin mota da littattafai, da kayan ɗakin gwaje-gwaje, da aikin bincike na shekarar ƙarshe. Sau da yawa wannan kashi ya fi na farko nauyi. Na uku kuwa ba a rubuta shi a takarda, wato amfanin da yaron zai kawo da a ce yana gona ko kasuwa a tsawon shekaru huɗun nan. Haka kuma shekarun kan iya zarce huɗu. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ɗauki watanni takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma duk watan da aka ƙara kuɗi ne daga aljihun iyaye.

Magidanci manomi yakan biya waɗannan kuɗaɗe ta hanyar sayar da masara ko waken suya ko auduga. Idan lokacin rajista ya zo daidai da kaka, dole ya sayar da hatsi a lokacin da farashinsa ya fi faɗuwa. Idan kuma ya ci bashin damina da za a biya da hatsi, abin da zai mayar yakan zarce abin da ya karɓa nesa ba kusa ba.

Tsarin Bashin Karatu

Bashin karatu ba sabon abu ba ne a Nijeriya. An kafa hukumar ba ɗalibai rance a 1972, amma ta durƙushe, musamman saboda rashin dawo da kuɗi. Bankin ilimi da aka yi wa doka a 1993 shi ma bai yi tasiri ba. A ranar 12 ga Yuni, 2023, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar rance ga ɗalibai, aka sake yi mata gyara a Afrilun 2024, sannan asusun NELFUND ya fara karɓar takardun masu nema a watan Mayu na wannan shekara.

Sharuɗɗan da aka fara da su a 2024 su ne kamar haka. Rancen na ɗaliban manyan makarantun gwamnati ne, kuma babu kuɗin ruwa a kansa, abin da ke da muhimmanci ga iyalan da ke gudun riba. Kuɗin makaranta ana tura shi kai tsaye ga makarantar, shi kuma ɗalibi yana iya neman Naira 20,000 a wata domin ɗawainiyar kansa. Biya yana farawa ne shekaru biyu bayan kammala bautar ƙasa, inda za a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashi, ko na ribar wata ga mai sana'ar kansa. Wannan tsari na ɗaura biya a kan abin da mutum ke samu ya yi kama da wanda ƙasar Ostareliya ta fara a 1989.

Lissafi a Aikace

A ɗauki misali domin sauƙin fahimta. A ce kuɗin rajista Naira 100,000 ne a shekara. A shekaru huɗu ya zama Naira 400,000. A ce kuma ɗalibin ya karɓi kuɗin ɗawainiya kowane wata har tsawon watanni 48. Wannan ya kama Naira 960,000. Jimillar bashin ke nan Naira 1,360,000.

Idan ya sami aikin da ke biyan Naira 70,000 a wata, wato mafi ƙarancin albashin da dokar 2024 ta tanada, za a cire masa Naira 7,000, kuma zai yi shekaru 16 da 'yan watanni yana biya. Idan albashin Naira 100,000 ne, zai gama a shekaru 11 da watanni huɗu. Idan kuwa ya kai Naira 250,000, shekaru huɗu da rabi sun kusa wadatarwa. Amma da a ce kuɗin rajista kawai ya ranta, gida suka ɗauki nauyin abinci daga rumbu, mai albashin Naira 100,000 zai sauke bashin cikin watanni 40 kacal. A wannan misali, mafi yawan nauyin daga kuɗin ɗawainiya ya taso.

Akwai kuma batun hauhawar farashi, wadda a Disambar 2024 ta haura kashi 34 cikin 100 bisa ƙididdigar hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Idan farashi na tashi da kashi 20 a kowace shekara, darajar Naira kan ragu da rabi cikin kimanin shekaru huɗu. Tun da rancen ba ya da ruwa, kuma shekaru bakwai ne a ƙalla tsakanin karɓar kuɗin shekarar farko da fara biya, abin da ɗalibi zai mayar bai kai abin da ya karɓa daraja ba. Wannan rangwame ne babba, amma yana amfanar wanda albashinsa ke ƙaruwa tare da farashin kaya ne kawai.

Inda Digirin Ke Kai Mutum

A nan ne ya kamata a faɗi gaskiya. Digirin farko a ilimin halittu ba ya ba mutum lasisin wata sana'a. Mai shi ba likita ba ne, ba mai haɗa magunguna ba ne, kuma aikin gwajin jini da makamantansa a asibiti yana ƙarƙashin wata hukuma ta daban da ke yi wa masu digirin wannan fanni rajista. Koyarwa ita ce ƙofa mafi faɗi, amma ita ma tana buƙatar difilomar ilimin koyarwa ta shekara guda da rajistar hukumar malamai. A aikin gwamnati, mai digirin farko yakan fara ne daga mataki na 8. Makarantun kuɗi da yawa kuwa abin da suke biya bai kai na gwamnati ba. Ko a Amurka, inda bashin ɗalibai ya haura Dala tiriliyan ɗaya da rabi, fiye da rabin masu digirin bayoloji sukan koma su yi babban digiri kafin su sami aiki mai tsoka.

Duk da haka, yankin Funtuwa da Malumfashi yana da buƙatar wannan ilimi ƙwarai. A Funtuwa ne aka fara ɗaya daga cikin ayyukan bunƙasa noma uku na farko da Bankin Duniya ya tallafa wa a tsakiyar shekarun 1970, tare da na Gusau da na Gombe. A shekarun nan ne kuma masana suka gudanar da bincike mai zurfi a Malumfashi a kan tsargiya da saran maciji. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda asalinta ya faro tun 1922, ita ke fitar da irin masara da auduga da wake da ake shukawa a yankin. A 2019 aka saki irin wake mai suna SAMPEA 20-T, wanda ke jure wa tsutsar da ke huda kwanson wake. Ga matsalar wuta-wuta a gonakin dawa da masara, ga tsutsar masara da ta ɓulla a Nijeriya a 2016, ga kuma dafin funfuna da ke lalata masara da gyaɗa a wurin ajiya. Duk waɗannan aikin masu ilimin halittu ne, kuma kamfanonin iri da gidajen kaji da masu kiwon kifi da masu sayar da magungunan ƙwari suna neman wanda ya san su a aikace.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, ana iya fitar da shawarwari huɗu. Na farko, a rubuta dukkan kuɗin shekaru huɗu kafin a shiga, a kuma ƙara tanadin shekara guda saboda abin da ka iya tasowa. Na biyu, a ranci abin da ya zama dole kawai. Rancen gwamnati marar ruwa ya fi bashin damina sauƙi, amma ba kyauta ba ne, kuma rashin biya shi ya kashe hukumar 1972. Na uku, tun daga aji biyu ɗalibi ya zaɓi inda ya dosa, ko koyarwa, ko harkar iri da cututtukan shuka, ko kiwon kifi, ko babban digiri, ya kuma daidaita aikin bincikensa da zaɓin nan. Na huɗu, kada ya yanke hulɗa da gonar gida, domin nan ce wurin gwajinsa na farko, kuma amfanin da iliminsa ya ƙara mata yana cikin ribar digirin. Mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka. Ɗalibin da ya yi wannan lissafi tare da iyayensa kafin ya sa hannu a takardar rance shi ne zai fi sanin nauyin da ya ɗauka da hanyar sauke shi.